Gidaje Biyar da Baba Ya Ƙi Cikewa

Ku da kuke bina a wannan shafi, yau da tona asirin kaina zan fara: na roƙi saurayina ya yi wa mahaifina ƙarya. Ba da baki ba ma, rubutawa na yi na tura masa a waya, har sau biyu. Ku dakata da zagina tukuna, ku ji yadda aka yi.

Ga wanda yau ne shigowarsa ta farko, sunana Haske, shekarata ashirin da shida, a meri ta Filinge, wato ofishin magajin gari, nake aiki, ni ce mai rubuta takardun haihuwa. Da hannuna nake rubuta sunayen 'ya'yan ƙawayena, wata ma na uku ke nan, kuma Goggo Delu, ƙanwar Baba, ba ta bari in manta da hakan. Ta riga ta yanke mini wa'adi: kafin a gama kai geron bana rumbu, ko in fito da miji, ko ita ta fito mini da shi. Har ta tanadi nata, Hamidu mai shagon talabijin a bakin kasuwa. Hamidu bai yi mini laifin komai ba, sai dai da ya fara magana hamma take kama ni.

Wanda nake so Kailu ne, ɗan Damana, mushe ne, wato malamin makaranta, mai koyar da lissafi a Abala. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma yana da wani hali da nake so nake kuma tsoro: in aka tambaye shi abu, yadda yake zai faɗe shi. Na taɓa tambayarsa ko sabon ɗinkina ya yi mini kyau, ya ce atamfar ta yi, telan ne bai kyauta ba. Kwana biyu ban amsa kiransa ba, kuma telan bai kyauta ɗin ba.

Abu ɗaya ya tsaya tsakanina da Kailu, shi ne Baba ya yarda a turo manya. Baba kuwa ba a gane inda ya dosa.

Sunansa Magagi, amma tsofaffin garin nan Magagi mai silima suke ce masa. A zamanin mulkin soja na farko, yana saurayi, shi ke nuna fim a filin samariya. Daga Yamai ake aiko finafinan cikin gwangwanaye masu faɗi irin faranti, a haska su a jikin bango da aka shafa wa farar ƙasa. Da yake da Faransanci ake magana a ciki, Baba ke tsayawa gefen na'urar yana mayar wa jama'a da Hausa, kuma duk wanda ya fito a fim sai ya raɗa masa suna irin namu. A cikin finafinan akwai wanda har yau ba a manta ba, wanda garin ya sa wa suna Mai Kwalkwalin Gilashi. Mutum uku ne suka hau kumbo suka wuce wata, hanya ta ɓace musu a sararin sama. Babbansu Baba ya kira shi Garba. A ƙarshe, in ji Baba, Garba ya gano hanya, ya sauko bayan gari, ya cire kwalkwalin, matarsa ta tare shi da ƙwaryar ruwa. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, har na san inda Baba zai tsaya ya kurɓi shayi.

Duk wanda ya zo nemana sai an zaunar da shi an ba shi wannan labari, sannan Baba ya tambaye shi ko ya taɓa ganin fim ɗin. Ibrah, wanda ya fara zuwa shekara uku da suka wuce, ya ce ya gani, kuma haka ya ƙare. Hamidu ya ce ya gani har sau biyu, saukowar Garba ma ita ta fi burge shi. Dukansu Baba ya sallame su da fara'a, bayan sun fita ya ce da ni, “Ɗiyata, ba shi ba ne.” Ni kuma a wautata sai na ɗauka yabon ne bai ishe shi ba. Na ce a raina tsohon nan dai yana son a kambama shi, ranar da Kailu zai zo sai an ƙara gishiri.

Yanzu bari in kawo ku kan takardar. Baba yana da aboki tun na lakwal, wato makarantar boko, Tonton Mamman, tsohon malami da ya yi ritaya a Yamai. Su biyun sun kamu da wasan nan na gidaje farare da baƙaƙe da ake cikewa da haruffa, wanda suke kira mokurwaze. Da can a jarida suke samu. Tun da abubuwa suka canja jaridar ta daina isowa nan a kan kari, sai Tonton Mamman ya koma tsara nasa da kansa, duk Litinin ya turo wa tsofaffin abokansa a waya, a cike a mayar masa da hoto kafin Lahadi. Idon Baba ya yi rauni, don haka aikin a kaina ya faɗa. In na taso daga meri, sai in zana gidajen manya-manya a bayan tsohuwar kalanda, in karanta masa tambayoyin, shi kuma ya bi gidajen da yatsa yana ƙirgawa. Tambayoyin Tonton ba sa zuwa kai tsaye, a karkace yake ɗauko su, sai ka zagaya kafin ka gane abin da yake nufi. Amsoshin kuma da Faransanci ne.

Na wannan makon gaba ɗaya a kan finafinan 'yan sama jannati ya tsara shi. Da na faɗa wa Baba, sai da ya gyara zama a kujerarsa ta roba, ya ce yau Mamman ya shigo gonarsa. Na karanta: bawa ne na ƙarfe, ba ya cin tuwo, ba ya neman lada. Kafin in rufe baki ya ce ROBOT. Na karanta: ja ce, tana da faɗin ƙasa, amma ba a taɓa shuka gero a kanta ba. Ya yi dariya ya ce MARS, in rubuta daga sama zuwa ƙasa. Wasu sun ba shi wuya, akwai wadda ya kwana da ita ya tashi da ita, yana alwalar asuba ya ƙwala mini kira in kawo biro. Zuwa Alhamis mun cike komai, saura layi ɗaya a can ƙasa, gidaje biyar.

Tambayar ta ce: abin da mai kwalkwalin gilashi ya yi a ƙarshe.

Baba ya ce RENTRE, wato ya koma gida. Na ƙirga, haruffa shida ne, gidajen biyar. Biyun farko sun dace, amma gida na uku akwai S a zaune, wutsiyar MARS ce ta sauko nan. Na faɗa masa. Ya ce Mamman ya tsufa, ya yi kuskuren zane. Na ce to mu kira shi mana. Ya ce kada in kuskura. Ya karɓi kalandar ya ɗora a cinya, ya daɗe yana shafa gidajen nan biyar da babban yatsa. Inna, wato mahaifiyata Rakiya, tana gefe tana tsince wake, ta ɗago ta dube shi ta mayar da kanta. Ranar ko tuwon kirki bai ci ba.

Ga Kailu zai zo gaishe shi ranar Asabar, zuwansa na farko. Da yammacin Juma'a na ɗauki hoton takardar na tura masa.

“Ka san wannan fim ɗin?”

“Na gan shi lokacin ina karatu a Yamai.”

“To mene ne amsar?”

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can sai ga shi: “Haske, mutumin bai dawo ba. RESTE ne, can ya zauna.”

Shekara arba'in Baba yana ba garin nan labari, ashe ƙarshen ba haka yake ba. Ban tsaya tunanin dalili ba, kaina kawai na tuna. Na rubuta masa cewa gobe Baba zai tambaye shi, don Allah ya ce ya dawo, kalma biyu ce, ba za ta kashe shi ba. Na sake turawa, wannan karon har da hoton fuska mai hawaye, na ce in yana sona ya yi mini wannan kaɗai. Amsarsa ta zo bayan sallar magariba: “Ba zan kunyata Baba ba. Sai na zo.” Ku gaya mini, wannan amsa ce? Na juya ta ta kowace fuska ban samu inda ya ce to ba.

Asabar tun da hantsi na share tsakar gida sau biyu, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar dogon yaro. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, wadda wani telan daban ya ɗinka, na ɗaura kallabi na kwance ya fi sau biyar. Inna tana kallona, da na zo wucewa ta ce turaren ya isa haka, ba gawa za a yi wa sutura ba.

Bayan la'asar ya yi sallama. Motar kasuwa ya biyo, ƙurar hanya har a girarsa, amma shaddarsa ruwan toka tana nan da karin guga. Ya kawo cuku daga Abala da dabino a leda. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Inna ta bayan zanar da ta raba madafa da tsakar gida, inda ta koma da tiren wakenta. Ni na kawo ruwa da kayan shayi, na samu kujera 'yar tsugune a bakin zanar na zauna, wai ina fifita gawayi.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen Damana, aka taɓa zancen damina da na hanya. Kofi na farko bai ƙare ba Baba ya ɗauko Garba. Ya ba da labarin kaf, da tashin kumbon, da ɓatan hanyar, da ƙwaryar ruwan. Kailu ya saurara bai katse shi ba, har dariya ya yi a inda ake dariya. Sannan Baba ya jawo kalandar daga ƙarƙashin kujera ya ajiye a tsakaninsu.

“Mushe, kai da ka yi karatu Yamai, ka taɓa ganin wanga fim?”

“Na gan shi, Baba.”

“Hal ƙarshe?”

“Hal ƙarshe.”

“To hwaɗa mini. Garba ya komo?”

Na daina fifita. Na zuba wa Kailu ido, ina roƙonsa da duk abin da fuska za ta iya roƙo da shi. Ya dube ni sau ɗaya, na ga abin ya dame shi, sannan ya sunkuyar da kai.

“Baba, ku gahwarce ni. A wanda na gani, bai komo ba.”

Wallahi a lokacin na tsane shi. Na ce shi ke nan, Goggo ta yi nasara, in fara koyon sauraron Hamidu. Shayin ya tafaso ya zube a kan gawayi ban ko motsa ba. Baba ya ajiye kofinsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa sosai, ban taɓa jin ta haka ba.

“To mi ya hwaru da shi?”

Kailu ya ba shi, a hankali, ba ƙari. Ya ce mutanen uku sun iske wata tasha a can sama mai babbar fitila, wadda in tana ci ake gane hanyar duniya. Na'urar da ke juya ta ta lalace, sai da hannu. In duka suka tafi fitilar za ta mutu su sake ɓata, don haka Garba ya ce sauran biyun su wuce, shi zai tsaya yana juyawa. Suka iso gida lafiya. Matarsa kuma duk yamma takan hau soro, ta ga wani ɗan haske yana ƙiftawa a gabas, ta san yana nan da rai. A nan fim ɗin ya ƙare.

Baba ya sa gefen rawaninsa ya goge ido. Ya ce shekara arba'in yana son ya ji wannan. Ya waiga wajen zana, ya ƙara rage murya, shi a tunaninsa Inna ba ta ji, ya ba mu abin da bai taɓa ba kowa ba.

A shekarar yunwa aka kawo fim ɗin. Gwangwani uku ne, biyu suka iso, na ukun ya ɓace a hanya, bai kuma lura ba sai da na biyu ya kusa ƙarewa. Filin cike yake, kuma rabin matan da ke wurin mazansu ko 'yan'uwansu sun tafi kurmi neman abin da za a ci, ba labari. Kusa da na'urar akwai wata yarinya mai tallan gyaɗa, tun da kumbon ya ɓata take kuka, don wanta Albarka wata takwas ke nan da tafiya. Baba ya ce ya dubi bangon, ya dubi yarinyar, ya kasa cewa jama'a ƙarshen bai zo ba. Sai ya kashe na'urar ya ce inji ya samu matsala, amma kada kowa ya tashi, shi ya ga ƙarshen a Yamai. Ya tsaya a gaban farin bango ya dawo da Garba gida da bakinsa. Yarinyar ta daina kuka. Bayan shekara biyu ya aure ta.

Kawu Albarka bai dawo ba har yau, wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne Baba ya riƙe ƙaryar nan ne don kada Inna ta rasa ɗan abin da ta dogara da shi. Ya ce mutane da yawa sun je birni sun ga fim ɗin, amma kowa ya zo sai ya ce masa haka ne, Magagi, haka ya ƙare. Shi kuma ba ya iya cewa bai san ƙarshen ba. Mamman ma ya sani, ya kasa faɗa masa da baki, shi ne ya saka masa a gidaje biyar. Amsar tun ranar Alhamis ya gano ta, rubutawar ce ya kasa, ga Rakiya zaune.

Sai muka ji an ajiye tire a bayan zana.

“Magagi,” in ji Inna, ko leƙowa ba ta yi ba, “gwangwani biyu na gani cikin akwatin, kusa gare shi nike zaune. Kuma wane Yamai? Kai da lokacin ko Baleyara, rabin hanya, ba ka taɓa wucewa ba.”

Baba ya waiga wajen zanar. Ya ce, “Kin sani?”

“Tun daren. Na ce mutumin da zai tsaya gaban gari duka ya yi wanga don in bar kuka, shi nika aure.”

Ni dai kuka nake ina dariya, kallabin da na sha wahalar ɗaurawa ya zame ban sani ba. Kailu ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya kama gyaran butar shayin da ta ƙone. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, don na gane abin da Baba yake nema a wurin masu zuwa, na kuma gane cewa da Kailu ya bi maganata da ni da kaina na kore shi.

Baba ya miƙo mini kalandar ya ce in rubuta. Na cike gidajen biyar, komai ya zauna daidai. Sannan ya juya ga Kailu.

“Wanda bai yi mini ƙarya don ya samu ɗiyata ba, ba ya yi mata ƙarya in ya same ta. Ka hwaɗa ma manyanka, Lahadi ta sama, in kasuwa ta watse, ina gida.”

Kailu ya durƙusa yana godiya. Da na raka shi bakin ƙofa na ce ya yafe mini saƙon jiya. Ya ce ya yafe, amma bai goge ba, zai ajiye saboda ranar da zan ce masa ni ban taɓa yin kuskure ba. Ya ƙara da cewa wannan telan ya kyauta.

Da na dawo zan ɗauki hoton takardar in tura wa Tonton Mamman, Inna ta fito tana goge hannu a zane, ta ce in dakata. Ba ta yi lakwal ba, amma ta sa yatsa daidai ƙarƙashin layin nan na ƙarshe, a farin gefen da babu gidaje, ta ce in rubuta mata nata da Hausa. Na ce me zan rubuta? Ta ce, “Ya komo.” Na rubuta. Ta ce na Mamman na cikin gida, na Magagi na waje, a tura masa duka biyun. Baba yana jinta, ya juya fuska wajen bango, kafaɗarsa tana motsi.

Ina cikin turawa wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Goggo Delu, ana jin hayaniyar masu daka a bayanta. Ta ce in gaya wa yayanta ta gaji da jiransa, ta riga ta ba iyayen Hamidu rana, goro ma an saya. Na sake saurara don in tabbatar da ranar da ta ce, na ɗago na dubi Baba da Inna, sun zauna a tabarma ɗaya suna raba cukun Kailu.

Ita ma Lahadi ta sama ta ce musu, in kasuwa ta watse.